Waya Ta Biya Kuɗin Asibiti a Gabon, To Wa Zai Biya Likitan Waya?

Mai karatu, ko kana ruga ne ko kana rumfar kasuwa a bakin iyaka, ka san wannan abu da ya zama ruwan dare. Yaro ya kwana da zazzaɓi, asibiti da nisa, sai a ɗauko waya a kira wani ma'aikacin lafiya da aka sani a kwatanta masa, shi kuma ya faɗi abin da za a yi. Wani lokaci a tura masa katin waya a matsayin godiya, wani lokaci a bar shi da fatan alheri. Wannan shi ne ganin likita daga nesa irin namu na gida. A wasu ƙasashe kuwa gwamnati ta shigo cikin lamarin, tana rubuta doka a kan wane kira asusun inshorar lafiya zai biya, nawa zai biya, kuma wa ya cancanta.

A shirinmu na wannan mako mun bi tarihin wannan magana ta birnin Libreville na ƙasar Gabon. Mun zaɓi Gabon ne don wani abin mamaki da ya faru can. Kusan shekara goma, kuɗin da jama'a ke kashewa a kiran waya da aika kuɗi gida shi ne ya riƙe asusun lafiyar talakawan ƙasar. Abin da tarihin ya nuna mana shi ne, kawo na'ura ba ya da wuya. Abin da ke raya aikin likita daga nesa ko ya kashe shi, ƙa'idar biyan kuɗi ce.

Me ya haɗa mu da Gabon?

Da yawa daga cikinku sun san hanyar. Daga Ambam a kudancin Kamaru a gangara Kye-Ossi, inda iyakokin Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini suka haɗu, ko a tsallaka kogin Ntem ta Eboro a shiga Bitam, daga nan Oyem, sannan a miƙe kudu zuwa Libreville, tafiyar kimanin kilomita 600 daga Bitam. Hausawa sun fi shekara ɗari suna zaune a garuruwan arewacin Gabon irin su Bitam da Oyem da Minvoul, fatauci ne ya kai kakanninsu. A kasuwar Mont-Bouët, babbar kasuwar Libreville, za ka ji Hausar Kano da ta Maraɗi da ta Garwa. Dajin ƙasar ba ya karɓar shanunmu saboda ƙudan tsando da sammore, shi ya sa shanu da ragunan layya da yawa daga Kamaru da Chadi ake kai su.

Ƙasar tana da faɗin murabba'in kilomita 267,667, fiye da kashi 80 cikin ɗari kurmi ne, mutanenta kuma sun haura miliyan biyu. Mafi yawansu a birane suke, manyan likitoci kuma sun taru a Libreville. Wanda ke ƙauye a cikin kurmi, matsalarsa ɗaya da ta makiyayin da ke mashekari a Azawak ko dajin Zamfara: likita na nan, amma isa wurinsa ne aikin.

Daga kwalekwale zuwa kati

A 1913 wani likita ɗan yankin Alsas mai suna Albert Schweitzer ya sauka a Lambaréné, bakin kogin Ogooué, tare da matarsa Helene wadda ma'aikaciyar jinya ce, suka kafa asibiti. Marasa lafiya a kwalekwale ake kawo su, wasu bayan kwanaki a kan ruwa. Kuɗin tafiyar da asibitin daga Turai yake zuwa, gudummawar masu hali da abin da shi likitan ke samu wajen lacca da kiɗa. Da aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta shekarar 1952, ya zuba kuɗin wajen gina wa kutare matsuguni. Ka riƙe wannan, don za mu sake ganin irinsa: magani yana tafiya muddin mai kyauta yana bayarwa.

Gabon ta samu 'yancin kai ranar 17 ga Agusta, 1960. Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin Omar Bongo ta kafa asusun CNSS a 1975 domin ma'aikatan kamfanoni, har da asibitocinsa na kansa, kamar Jeanne Ebori a Libreville. A 1983 aka ƙara wani asusu, CNGS, domin marasa galihu da waɗanda ba su cikin na farko. To amma wannan asusu na biyu ya dogara ne da abin da baitulmali ya ba shi. Da farashin mai ya faɗi a 1986, hannun gwamnati ya ƙanƙance, asusun ya koma suna kawai.

Ba Gabon kaɗai abin ya shafa ba. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda ya ce mara lafiya ya riƙa biyan wani abu domin ɗakunan shan magani su samu kuɗin sake sayen kaya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. Dattawanmu na Nijar da Kamaru ba sa bukatar a tuna musu wannan shekara.

Dabarar 2007

A watan Agustan 2007 aka kafa sabon asusu na ƙasa, CNAMGS. Inshora dai kamar adashi take, sai dai a nan ba zagaye ake bi ba, wanda ciwo ya kama shi ke ɗauka. Bambancin Gabon da sauran ƙasashe shi ne ta inda ta fara. Yawanci ana farawa da ma'aikatan gwamnati ne, don cire kuɗi daga albashi ba wuya. Ita kuwa da talakawa ta fara: aka soma yi musu rajista a ƙarshen 2008, suka fara amfana a 2009. Ma'aikatan gwamnati suka shigo a 2011, na kamfanoni a 2014.

Wa ake kira talaka a wannan doka? Ɗan ƙasar Gabon da ya kai shekara 16, wanda abin da yake samu a wata bai kai albashi mafi ƙanƙanta ba, wato sefa 80,000. Shi ba ya zuba ko dala. Ana ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa a ba shi kati. In ya je asibitin da ke da yarjejeniya da asusun, asusun ya biya kashi 80 cikin ɗari na kuɗin, shi ya cika 20. In ciwo ne mai daɗewa, asusun ya biya kashi 90. Awon ciki da haihuwa kuwa asusun ke ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya.

To ina kuɗin suka fito? Gwamnati ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan cinikin kamfanonin wayar salula, da kashi 1.5 a kan harkar aika kuɗi zuwa ƙasashen waje. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2010, ta kawo Gabon a matsayin misali, ta ce waɗannan haraji biyu sun tara abin da ya kai dala miliyan 30 a shekarar 2009 kaɗai. Wato duk wanda ya kira gida daga Mont-Bouët, duk wanda ya tura wa iyalinsa kuɗin cefane zuwa Katsina ko Tawa, ya sa hannu a adashin. A takarda kamfani ne ke biya, amma kai ɗan kasuwa ka san inda kamfani ke fanshe haraji. A jikin mai saye ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Asusun talakawa na 'yan ƙasa ne. Asusun ma'aikata na masu takardar albashi ne. Baƙon da ke talla ko yake da teburi a kasuwa, wanda shi ya fi kowa kiran waje da aika kuɗi, ba ya cikin ko ɗaya. An shafe shekaru ana maganar asusu na huɗu domin masu sana'ar kansu. Makiyayi zai gane wannan labari da sauri, don kakanninsa sun biya jangali shekara da shekaru, asibitin da aka gina kuwa a cikin gari aka gina shi. Ba laifi ba ne ƙasa ta fara da 'ya'yanta, kowace ƙasa haka take yi. Amma dai Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na'ura ta zo, ƙa'ida ta tsaya

A daidai lokacin da ake gina asusun, wani aikin yana tafiya a gefe. A 2004 shugaban Indiya Abdul Kalam ya kawo shawarar haɗa asibitocin Afirka da na Indiya ta tauraron ɗan'adam. Aka buɗe shirin a Fabrairun 2009, Gabon da Nijeriya suna cikin ƙasashe 11 na farko. Likita a Afirka zai nuna hoton ƙirji ko sakamakon gwaji, ƙwararre a Indiya ya duba ya ba da shawara. Indiya ce ta ɗauki nauyin kuɗin, har zuwa 2017 da aka miƙa shirin ga Tarayyar Afirka.

A 2012 wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna ACE ta iso Libreville, daga baya aka ja wata ta bi layin dogo zuwa Franceville har iyakar Kwango. A 2016 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 56 domin shirin eGabon, wanda babban burinsa shi ne maida bayanan asibitoci cikin kwamfuta da haɗa su da juna.

Duba da kyau ka ga abin da waɗannan ayyuka suka yi tarayya a kai. Kyauta ce ko rance, kuma kowanne yana da wa'adi. Sun sayi kwamfuta, sun ja waya, sun horar da ma'aikata. Amma asusun inshora ba ya biyan na'ura, aiki yake biya, kuma sai aikin da ke cikin jerin da aka rubuta da farashinsa. An gina tsarin ne a kan mutum ya zo da ƙafarsa, ya nuna kati, a cika takardar jinya, asibiti ya aika da ita a biya shi. Likitan da ya kwashe rabin awa a waya yana sauraron wata uwa daga ƙauye, in babu layin da aka rubuta wannan aiki a kai, sadaka ya yi. Sadaka kuwa ba a gina tsarin ƙasa a kanta. Labarin Lambaréné ke nan ya dawo da sabuwar riga.

Shi kansa asusun bai zauna lafiya ba. Farashin mai ya sake faɗuwa a 2014. A 2017 gwamnati ta cire harajin da ke kan kamfanonin waya, ta maye gurbinsa da harajin kashi 1 cikin ɗari a kan cinikin kayayyaki da ayyuka. Nauyin ya bazu a kan kowa da kowa mai sayayya. Duk da haka bashi ya riƙa taruwa, kuma ba sau ɗaya ba masu kantunan magani a Libreville suka dakatar da karɓar katin har sai an biya su. Kati a aljihu, magani a kan kanta, amma ba a haɗu ba.

Shekarar da aka buɗe ƙofa

Annobar korona ta shiga Gabon a watan Maris na 2020. Gwamnati ta buɗe lambar kira kyauta, 1410, domin wanda ya ji alamun ciwon ya kira kafin ya fito. Shugaba Ali Bongo ya sanar da ware sefa biliyan 2.1 domin biya wa talakawa kason da suke cikawa da kansu na tsawon wata shida. Ka ga ke nan, cikin 'yan makonni an yarda cewa murya a waya aikin lafiya ce, an kuma yarda cewa kashi 20 ɗin nan yana hana wasu zuwa asibiti. Amma dukansu matakan gaggawa ne masu wa'adi.

In kana son ganin ƙarfin ƙa'idar biya ƙarara, dubi Faransa, wadda Gabon ta kwaikwayi tsarin inshorarta a abubuwa da dama. Tun 15 ga Satumba, 2018 inshorar Faransa ta fara biyan ganin likita daga nesa, a farashi ɗaya da na zuwa da ƙafa. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa: sai ta bidiyo, kuma sai likitan ya taɓa ganinka ido da ido a cikin wata 12 da suka wuce. Jama'a ba su ruga ba. A farkon Maris na 2020 irin wannan ganawa ba ta wuce dubu goma a mako ba. Da korona ta zo aka sassauta sharuɗɗan, asusun ya ɗauki kuɗin gaba ɗaya, aka kuma yarda da kiran murya zalla ga wasu marasa lafiya na ɗan lokaci. A watan Afrilu adadin ya kai miliyan ɗaya a mako. Waya ba ta canza ba, likitoci ba su ƙaru ba, tsoron cuta da sauyin ƙa'ida ne suka yi aikin. Daga 1 ga Oktoba, 2022 aka koma biyan kashi 70.

Amurka ma haka. Dokar 1997 ta ba inshorar tsofaffi ta gwamnati, Medicare, damar biyan wannan aiki daga 1999, amma ga mutanen karkara kawai, kuma sai mara lafiya ya je wani asibiti ya zauna gaban na'ura. A Maris na 2020 aka yarda ya yi daga ɗakinsa, har da kiran murya. Tun daga nan majalisarsu ke ta ƙara wa'adin guntu-guntu, likitoci da tsofaffi na zaman jiran ko za a sabunta.

Makiyaya ne suka riga kowa

Kada ka ɗauka wannan abu na 'yan birni ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren likita daga nesa, domin masu kiwo aka yi shi. A ƙasar Ostireliya, inda gidan mai shanu ke iya nisan ɗaruruwan kilomita daga gari, wani limamin coci mai suna John Flynn ya kafa aikin likita mai zuwa a jirgin sama a garin Cloncurry a 1928. Shekara guda bayan haka Alfred Traeger ya ƙera rediyon da ake murzawa da ƙafa kamar keke don ya samu wuta, aka rarraba a gidajen makiyaya. A 1942 aka fito da akwatin magani da kowane kwalba ke da lamba. Likita zai saurari bayani ta rediyo, ya ce a ɗauko lamba kaza a sha kaza. In abin ya fi ƙarfin akwati, jirgi ya taso.

Aikin yana nan har yau, saura kaɗan ya cika shekara ɗari. Abin da ya raya shi bai wuce uku ba: an yarda da murya, akwai magani a kusa da mara lafiya, kuma akwai kuɗin da ba ya yankewa daga gwamnati da gudummawar jama'a.

Mu kuma fa?

A Nijeriya an yi dokar inshorar lafiya a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshorar a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihohi irin su Kano da Katsina da Sakkwato suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. A Nijar kuwa, tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka ma tiyatar haihuwa, gwamnati za ta biya asibitoci daga baya. Jinkirin biyan ya sa ɗakunan shan magani da yawa sun rasa kuɗin sayen kaya. Ciwon Libreville ne dai a wani gida.

Ga mai tsallaka iyaka akwai ƙarin matsala. Murya tana ƙetare iyaka ba tare da ta tsaya a shingen duwan ba, kati kuwa a nan yake mutuwa. Katin Kano ba ya aiki a Maraɗi, na Libreville ba ya aiki a Ambam.

Saboda haka, duk ranar da aka zo muku da sabon shirin likita ta waya, ko daga gwamnati ko daga kamfani, kada ku yi cinikin biri a sama. Ku tambaya wa ke biyan likitan, kuma har zuwa yaushe. Ku tambaya ko ƙaramar waya mai kiran murya ta isa, ko sai babba mai bidiyo, don a mashekari sau da yawa da ƙyar ake samun layin kira ma. Ku tambaya da wane harshe za a yi magana, kuma in an rubuta magani, wane kanti ne zai karɓi takardar. Kada ku tura kuɗi ga lambar da ba ku san asibitin da take ba. Takardun gwaji da na magani kuma ku adana su cikin leda tare da takardun tafiya, ku ɗauki hotonsu a waya, don su ne idon likitan da ba ya ganinku.

Akwai kuma abin da waya ba ta yi. Saran maciji, zubar jini ga mai naƙuda ko mai jego, yaron da ke jijjiga ko ya kasa shan nono, gudawa da aman da ba su tsayawa, tarin da ya wuce mako biyu, duk waɗannan gani ya kori ji. Ku kira, amma ku kira kuna kan hanya.

Abu na ƙarshe na ardo ne da sarkin zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ƙa'idojin nan mutane ne ke zama su rubuta su, kuma kamar yadda muka gani a 2007 da 2017 da 2020, ana sauya su in an ga dama. In ana zaman tsara jerin ayyukan da inshora za ta biya, a nan ya kamata a ji muryarku: a sa kiran murya a cikin jerin da farashinsa, a buɗe ƙofa ga mai sana'ar kansa ko da baƙo ne in zai zuba kasonsa, maƙwabtan ƙasashe kuma su fara maganar yadda kati zai bi mai shi. Kuna sayen katin waya, kuna biyan kuɗin aike, kuna biyan haraji a kara da kasuwa. Kuna da bakin magana.

A shiri na gaba za mu duba takardun allurar dabbobi da ake nema a kan iyaka kafin a wuce da garke. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku kamar yadda kuka saba. A huta lafiya.